Malam Muhammadu na Katsina da Ilmin Hatimi

Abin da Larabawa ke kira murabba'i shi ne zane mai gefe huɗu, tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa huɗu kuma a tsaye suke sosai, babu wadda ta karkace. Tilas ne abubuwan nan biyu su haɗu. In kusurwoyi sun daidaita amma tsawo ya fi faɗi, kamar allon makaranta, ba murabba'i ba ne. In gefuna sun daidaita amma zanen ya kishingiɗa, shi ma ba shi ba ne. Magini yana gane wannan da igiya. Sai ya auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sa'an nan ya auna ɗayan ƙetaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, to, ɗakin ya karkace. Ko Ka'aba da alhazai ke nufa in sun sauka Jidda, wadda sunanta ke nuna ɗaki mai kusurwa huɗu, wani gefenta ya ɗara wani da kamar mita biyu.

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin murabba'i ta hanyar hatimi, watau zanen da a ke rabawa gida gida, a zuba lambobi a ciki. Mafi sauƙi shi ne mai gida tara. A layin sama a rubuta 4, 9, 2, a na tsakiya 3, 5, 7, a na ƙasa 8, 1, 6. Ka tara ta kwance, ko ta tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, kullum 15 za ka samu. Ba don ado a ka sa 5 a tsakiya ba. Jimlar lambobin duka 45 ce. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60, sun kuwa taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Rarar 15 ɗin nan ke nan lambar tsakiya sau uku. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai a cikin murabba'i, domin in gidajen kwance sun fi na tsaye yawa, jimlolin ba za su zo ɗaya ba.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni daga ƙasarmu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafilatanin Katsina, wanda Larabawa suka sani da al-Kashinawi. Ya tafi aikin haji, daga baya ya zauna a Alkahira ta Masar. Wajen shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙi, inda ya bayyana yadda a ke tsara hatimin da layinsa ke da gida mara, kamar uku, biyar ko bakwai. Mai gida biyar a layi, alal misali, jimlarsa 65 ce. Jama'a dai laya da asiri suke nema a hatimi, shi ma Malam bai raba shi da asiri ba, amma ƙa'idodin da ya kawo lissafi ne tsantsa, kowa na iya jarraba su da alƙalami.

Bai komo Katsina ba. Ya rasu a 1741 a gidan abokinsa Shaihu Hasan al-Jabarti, ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ba a haifa ba sai bayan shekara goma da 'yan kai, shi ne ya rubuta labarinsa a cikin tarihin Masar.