Daga Ruwan Bagaja zuwa kwalin da ke ƙarƙashin gadona

Akwai kwali biyu ƙarƙashin gadona a nan Maraɗi, cike da littafin labarin da na rubuta. Kwafi 500 na buga, yau shekara huɗu ke nan ba su ƙare ba. Duk ranar da uwargida ta jawo su za ta yi shara, sai ta tambaye ni ko gara ta kai shafi na nawa, tun da dai ita ce mai karatun da ta fi kusa da su. Na daɗe ina ɗora wa kaina laifi, ina cewa labarin ne bai yi armashi ba, kuma ban ce babu gaskiya a ciki ba. Amma da na zauna na bi sawun yadda ƙagaggen labari na Hausa ya shiga takarda tun farko, sai na ga akwai abin da ya girmi ni da kwalayena, kuma ya shafi mu malamai da iyaye fiye da yadda ya shafi marubuta.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya sami kansa cikin matsala. Makarantun Arewacin Najeriya suna koyar da yara karatu da Hausar boko, yaran sun iya haɗa baƙi, amma babu abin da za su karanta don jin daɗi. Sai ya bi garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labari na ƙirƙira, a yi gasa. Bai sami abin cikin sauƙi ba, domin a wurin malamin wancan zamani alƙalami na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi. Labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffi da yara bayan sallar isha'i. Duk da haka aka samu littattafai biyar da har yau ake ambato: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa.

Abin da nake so ƴan'uwana malamai su lura da shi shi ne, uku daga cikin waɗannan mutane masu riƙe da alli ne kamarmu. Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22 kacal. Yayansa Bello Kagara malami ne a Kwalejin Katsina. Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci, tun kafin kowa ya yi mafarkin zai zama firaminista. Sun san wanda suke rubuta wa, domin kullum da safe yana zaune gabansu. Kuma ba su yi yawon neman mai bugawa ba: hukuma ta buga, hukuma ta kai aji. Daga baya Imam ya koma Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya da injinansa.

Tsakanin Katsina, inda aka rubuta Ruwan Bagaja, da Maraɗi, inda nake zaune, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, har sarautar ma ta Katsina ce. Amma a wannan gefen iyaka lakwal ta Faransa ba ta yarda Hausa ta tsallaka ƙofar aji ba. Iyayenmu sun ba mu labarin "sambol", abin nan da ake rataya wa yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi harshen uwarsa, kuma ni kaina na tarar da ɓurɓushinsa. Yaron da aka hore shi don ya ce "ruwa" ba zai girma ya yi tunanin ana rubuta littafi da wannan kalma ba. Shi ya sa manyan marubutanmu suka tashi da faransanci. Dubi Abdoulaye Mamani, ɗan Damagaram ta wajen tasowa. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, labari ne na ƙasar Arewa da aka adana a bakin mutane da Hausa. Amma da ya zama littafi a 1980, da faransanci ya fito, a Faris aka buga shi. Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ina alfahari da wannan. Sai dai jikokin Sarauniya nawa ne a Lugu suka iya karanta shi?

Ba wai ba a yi yunƙuri ba. A 1966 an yi taron Bamako a ƙarƙashin UNESCO, aka tsara haruffan rubuta harsunanmu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro zai fara karatu da Hausa kafin faransanci ya shigo. Waɗanda suka koyar a irin waɗannan makarantu za su faɗa maka yaran sun fi saurin kama karatu. Amma kalmar "gwaji" ta manne musu shekaru da shekaru, ba su zama hanyar kowa ba. Iyaye da yawa, har da masu ilimi, suka riƙa janye ƴaƴansu don tsoron kada su rasa faransancin da ake cin jarrabawa da samun aiki da shi. Ban zarge su ba; ni ma nawa ƴaƴan ban kai su can ba.

Mu sake leƙa Najeriya, domin can aka ga abin da aji ke haifarwa. A 1976 gwamnatin ƙasar ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara birjik suka shiga, har da ƴan mata waɗanda da ba a kai su. Da yawansu ba su yi nisa ba, amma sun fita da abu ɗaya: sun iya karanta Hausa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya fito da littattafan wata gasa, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, littafin labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta kaɗai. Sai marubuta suka daina jira. Mutum zai rubuta, ya tara kuɗinsa, ya kai wa ƙaramin mai inji a Kano, ya ɗauko ya rarraba wa masu shaguna a kasuwa. Idan kuɗin bai isa ba sai a raba labarin kashi-kashi, na ɗaya ya biya kuɗin na biyu. Daga nan marubuta suka ƙware wajen yanke labari daidai inda zuciya ke bugawa. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta fito, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƴar yarinya, ta koma ta ƙarasa karatu a ajin manya. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 har wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da turanci a 2012. Haka Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, haka Bilkisu Funtuwa.

Malaman jami'a sun rena waɗannan littattafai, suka ce na kasuwa ne. Malaman addini sun ce suna ɓata tarbiyya. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano. A cikinsu akwai shirme, ban musa ba, akwai rubutun da ko ƙa'ida ɗaya bai bi ba. Amma su ne suka tsallako iyaka ta Jibiya da Magarya a cikin buhunan ƴan kasuwa, kuma a gidanmu yayata da su ta koyi karanta Hausa, ba wanda ya koya mata, tana ɓoye su ƙarƙashin katifa don kada baba ya gani. Ni ma a hannunta na fara ganin cewa maganar da muke yi a tsakar gida tana iya zama a takarda.

To, ga ni da nawa littafin. Shekara uku na yi ina rubuta shi a kaye, bayan na gama gyaran aikin ɗalibai, galibi da fitilar salula. Da na gama sai tambayar farko ta taso, wadda marubucin Kano ba ya yi wa kansa: da wace ƙa'ida? In rubuta "ƴa" irin tamu ta Nijar, ko "'ya" irin ta Najeriya inda masu saye suke? In ce lakwal ko makaranta, mushe ko malam? Na zaɓi tamu, don labarin a Tibiri da Maraɗi yake faruwa, kuma mutanena haka suke magana. Wani mai inji da na fara kai wa ya ce ba matsala. Da gwajin farko ya fito, duk harafi mai lanƙwasa ya zama ɗan akwati. Da na yi ƙorafi sai ya "gyara", wato ya cire lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Na karɓi kayana na kai wani wuri. Takarda kuwa daga waje take zuwa, kuma tun karyewar darajar sefa a 1994 ba ta sake yin araha ba. Da na lissafa, in ban sayar da kwafi a kan jikka guda da rabi ba, asara zan yi.

Masu shagon littattafai biyu sun karɓi goma-goma, suka ce in dawo in an sayar. Abokan aiki suka taya ni murna, kowa ya nemi nasa kyauta. Wani sufeto mai mutunci ya juya littafin, ya yaba bangon, sannan ya faɗa mini gaskiya: shi karatun Hausa wahala yake ba shi, sai ya riƙa furtawa a fili kamar ɗan aji ɗaya. Mutumin da ya karanta Balzac ke nan.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomi suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na ji daɗi, amma na yi lissafi irin na wanda ya karanta tarihin can: daga buɗe azuzuwa a 1976 zuwa cikar kasuwar Kano da littattafai, an ɗauki shekara goma zuwa sha biyar, kuma sai da aka fara da aji. Matan da ke karanta labarai a WhatsApp yau, da masu shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ƴaƴa ne da jikokin waɗancan azuzuwa.

Bara na ɗauki kwafi 30 daga kwali na kai ajina, na ce duk ranar Laraba da la'asar wanda ya ga dama ya zo mu karanta. Makon farko kunya ta hana su buɗe baki, suna tuntuɓe a kan ɗ da ƙ suna dariya. A mako na huɗu wata yarinya ta ce mini ta gama, ta karanta wa mahaifiyarta da kishiyar mahaifiyarta dukansa da dare, kuma sun aiko ta da saƙo: ƙarshen bai yi musu ba, bai kamata matar ta koma gidan mijin ba. Kwafi 30 na kai, 22 suka dawo. Na fara na biyu a sabon kaye, kuma har yanzu ban yanke abin da zan yi da matar ba.