Rediyon Omdurman da Amanar Ƙuri'a a Sudan

An buɗe Gidan Rediyon Omdurman a 1940, a hayin Kogin Nilu daga Khartoum. Sojoji sun kifar da gwamnatin farar hula a 1958 da 1969 da 1989, kuma ta wannan rediyo talakawa suka ji sanarwar.

A zamanin Umar al-Bashir, jami'an tsaro kan kwashe jaridu bayan an buga su. A Fabrairun 2015 sun kwashe 14 rana guda. Wanda bai san aikin wakilinsa ba, da wuya ya yarda da ƙuri'a. A zaɓen Afrilun shekarar, wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa, masu jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba.

Jama'a sun koma Facebook da WhatsApp, sai sojoji suka katse intanet a Yunin 2019.