Tsakanin Bindiga da Bincike: Shugabancin Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi a Maiduguri

Tarihin yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Najeriya ya fara ne da ƙarfin tuwo. Dokar soja ta 20 ta shekarar 1984 ta tanadi kisa ga masu safara, kuma a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Kasuwar ba ta mutu ba. Sai gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NDLEA da doka ta 48 ta 1989. Wannan maƙala na son ta nuna cewa gadon da hukumar ta ci daga wancan zamani, wato fifita kamu a kan sani, shi ne babban giɓin da Maiduguri ke fama da shi.

Duk wanda ya bi jerin shugabanninta zai ga inda aka sa gaba. Fidelis Oyakhilome, wanda ya buɗe fage, ɗan sanda ne, haka Ahmadu Giade da ya riƙe ta daga 2005 zuwa 2015. Musa Bamaiyi soja ne, haka Mohammed Buba Marwa da ya hau a Janairun 2021, wanda Barno ba baƙuwarsa ba ce, domin ya yi mata gwamnan soja daga 1990 zuwa 1992. Irin waɗannan shugabanni sun iya tare hanya da farautar dillalai, kuma ba a raina wannan aiki. Amma mai shan ƙwaya majinyaci ne, sarƙa ba ta warkar da shi.

A Maiduguri cutar tana da tushe da kowa ya sani. Tun daga rikicin 2009 garin ya cika da 'yan gudun hijira, da marayu, da zawarawa. Direban Keke Napep yakan haɗiye tiramol da shayin safe don ya jure zirga-zirga har dare. Yarinyar da ta ga an kashe mahaifinta takan nemi ƙwayar barci don ta samu runtsawa. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma na bayan fage yakan kai 225. Fim ɗin binciken BBC na 2018 a kan kodin ya nuna samari ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali a Kano, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Wannan lamari ya tona wani asiri: 'yan jarida ne suka farkar da hukuma, ba masu bincikenta ba. Ko ƙididdigar ƙasa da aka fitar a 2019, wadda ta ce mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai aka yi ta.

Alhali kuwa garin Maiduguri bai rasa kayan aiki ba. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, mai hedikwata a Yaba, tana da reshe a Maiduguri. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da NDLEA ta kama ya kamata ya isa ɗakin gwaji, abin da likitoci suka gani ya isa teburin masu tsara manufa, sannan a riƙa auna shugaban hukuma da yawan waɗanda suka warke, ba nauyin abin da ya ƙona kaɗai ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Barno su ware kuɗi na dindindin domin bincike da jinya, su kuma ba likitoci da masana kujera a inda ake yanke shawara.