Lagireto: yadda fasalin bututu da ruwan nano ke rage zafin injin mota

Lagireto shi ne sashen da ke fitar da zafi daga injin mota zuwa iska. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana zama zafin da ruwa ke kwashewa, famfo ya tura ruwan cikin siraran bututu, fanka da iskar hanya su sanyaya shi.

Aikinsa ya dogara ne kan tazarar da ke tsakanin zafin ruwan, wanda yakan kai maki 90 a ma'aunin Salshiyos, da zafin iskar waje. A Maiduguri, inda zafi kan haura maki 40 a watannin Afrilu da Mayu, tazarar tana raguwa. Shi ya sa tafasar inji ta zama sananniyar matsala ga direbobin da ke lodi a Tashar Bama da kewayen Mairi, kusa da Jami'ar Maiduguri.

Hanya ta farko ta inganta lagireto ita ce sauya fasalin bututu. Shimfiɗaɗɗen bututu ya fi zagayayye faɗin jikin da ke haɗuwa da iska, kuma bai cika tare ta ba. Ana yin ƙananan lotsawa a jikinsa domin ruwan ya riƙa gauraya, maimakon ya wuce sumul ya bar zafi a tsakiya. Tsakanin bututun kuma akwai siraran faifan alminiyam masu tsaga, waɗanda ke miƙa zafin ga iska.

Hanya ta biyu ita ce ruwan nano, sunan da Stephen Choi na cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ya fitar a 1995. Ruwa ne da aka zuba wa ƙwayoyin sinadarai irin su alumina, waɗanda girmansu bai wuce nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Alumina ya ninka ruwa fiye da sau 40 wajen watsa zafi, don haka ɗan kaɗan daga cikinsa kan ƙara wa ruwan ƙarfin aiki.

Sai dai ƙwayoyin kan dunƙule su kwanta, su toshe bututu. Suna ƙara wa ruwan kauri, su wahalar da famfo, ga kuma tsada. Saboda haka amfani da shi ya fi yawa a ɗakunan gwaji.

Babban cikas yana ɓangaren iska, domin ba ta kai ruwa ɗaukar zafi ba. Idan ƙurar hunturu ta cike faifan, ko ruwan rijiya mai gishiri ya bar dasashi a cikin bututu, ingancin ruwan ba zai amfana da komai ba. Wanke faifan, zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, da duba murfin lagireto da fanka su ne kariyar farko ga mai mota.