Mizanan Bayanai da Ƙirƙirarriyar Basira: Amfaninsu ga Cibiyoyin Jos

Mizani tsari ne da masana suka amince da shi kan yadda za a tattara bayanai, a adana su, a kuma sarrafa su. Hukumar SON ce ke wakiltar Najeriya a ƙungiyar mizanai ta duniya, ISO. Mizanin ISO/IEC 27001 ya shafi tsaron bayanai, shi kuwa ISO/IEC 42001, wanda aka fitar a Disamban 2023, ya fayyace yadda hukuma za ta tafiyar da fasahar ƙirƙirarriyar basira.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom na cikin cibiyoyin da ke riƙe da ɗimbin bayanai. Idan ana rubuta sunayen cututtuka da kwanan wata bisa tsari ɗaya, manhajar da aka horar da bayanan kan rage kuskure, musayarsu kuma ta yi sauƙi.

Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan an samu kutsen da ke iya cutar da masu bayanan. Cibiyar da ke bin mizani ta riga ta ayyana wanda ke da alhakin gano kutsen da kai rahoto.