Inda Muke Ajiye "Dai" Kafin Zuwan Kwamfuta

Yaran da ke liƙa wa kalmomin Hausa alamar rukuni a kwamfuta sun gaji tsarin Universal Dependencies, mai akwatuna 17 na dukkan harsunan duniya. Tsarin ya ware wa kalmomin motsin rai akwatinsu, ya kuma tanadi wani na ƙananan kalmomi. Madalla. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin yadda wasunsu ke kwasar "kash", "wayyo", "to", "dai" da "kam" su zuba wuri guda don a gama da wuri, wai duk kayan ado ne.

A zamaninmu da kati ake aikin. Mu ɗauko hirar tsofaffi a kaset, mu mayar da ita rubutu da fensir, kowace "dai" da katinta: jimlar da ta fito ciki, kalmar da ta gabace ta, wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, gwajinsa guda ne. Sai ya ce, "Ɗalibi, faɗe ta ita kaɗai mu ji." "Kash!" tana tsayuwa da ƙafarta. "Kam" kuwa ba ta buɗe zance, dole wata kalma ta riga ta. To yaya za su kwana ɗaki ɗaya?

Kati maras karin sauti kuwa, ta taga yake fita. Dalilinsa "kai" ne: na wakilin suna a sama yake tsaye, na mamaki faɗowa yake yi, ga na jiki, ga na aikatau, rubutun boko kuma bai bambanta ko ɗaya ba. Har yau ina jin muryarsa yana jan "kâi" a aji, ƙarfe biyun rana, ba fanka.

Lokacin da babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman ya fito a 2000, ya ware fa, dai, kam, kuma, kuwa da ma a rukuninsu, mun yi murna, amma ba mu yi mamaki ba. Katunanmu sun daɗe da nuna haka, sai dai mu ba mu buga ba, gara ta cinye rabi.

Ban ƙi kwamfuta ba. Tana yin aikin shekara a yini. Amma 'ya'yana, yawancin abin da kuke ba ta labaran jarida ne, kuma edita ya riga ya tsince "fa" da "kam" kafin a buga. Ku nemi tsofaffin kaset-kaset da ke jibge a sassan Hausa na jami'o'inmu, ku saurara kafin ku liƙa alama.