The Specials: Ƙungiyar Baƙaƙe da Farare da Ta Girgiza Ingila

Duk lokacin da aka yi zancen rege, yawancinmu Bob Marley da Lucky Dube ne ke faɗo mana a rai. Ni ma haka nake a da, sai da na ci karo da waƙar "Ghost Town" ta ƙungiyar The Specials. Daga nan na shiga bin tarihinsu, ga kuma abin da ya kamata ku sani.

Asalinsu

An kafa The Specials a 1977 a garin Coventry na ƙasar Ingila. Jerry Dammers, mai kaɗa fiyano, shi ne jagora. Terry Hall ne babban mawaƙi, tare da Neville Staple da Lynval Golding, waɗanda aka haifa a Jamaika. Sauran su ne Horace Panter da Roddy Radiation da John Bradbury mai ganga. A lokacin nan wariyar launin fata ta yi ƙamari a Ingila, ƙungiyar National Front na ta hura wutar ƙin baƙi. Don haka ganin baƙi da fari a dandamali ɗaya, ba ƙaramin saƙo ba ne.

Salon kiɗansu

Ginshiƙinsu shi ne ska, kiɗan Jamaika mai sauri wanda ya girmi rege. Shi kansa Bob Marley da ska ya fara. Su kuma sai suka zuba masa zafin jita irin na rok da fank, wani lokacin kuma su sassauta su koma rege. A 1979 Dammers ya buɗe kamfanin 2 Tone Records, mai tambarin baƙi da fari, har sunan ya zama na salon gaba ɗaya.

Waƙoƙin da za ku fara da su

"Gangsters" (1979) ita ce ta fito da su. "Ghost Town" (1981) kuwa tana magana ne kan rashin aikin yi da yadda gari ke mutuwa. Ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya daidai lokacin da tarzoma ta ɓarke a biranen ƙasar. Wallahi in kun saurare ta da dare, sai kun ji tsigar jikinku ta tashi.

Rabuwa da dawowa

A 1981 ɗin nan dai Hall da Staple da Golding suka ɓalle suka kafa Fun Boy Three. Dammers ya ci gaba da sunan The Special AKA, kuma a 1984 suka saki "Free Nelson Mandela", lokacin Mandela na kurkuku. Waƙar ta sa matasan Turai da yawa suka san sunansa. Ƙungiyar ta sake haɗuwa a 2008 ba tare da Dammers ba, sannan kundinsu Encore na 2019, wanda ke da ɗanɗanon fank sosai, ya zo na ɗaya a Birtaniya. Terry Hall ya rasu a Disambar 2022 yana da shekara 63.

Shawarata ga mai son rege: ku fara da kundinsu na farko na 1979, ku ji yadda kiɗan rawa ke ɗaukar magana mai nauyi.